Bashin da aka riga aka yafe

Ina aji uku a makarantar kwana na fasa gilashin tagar ɗakin karatu da ƙwallo. Da malamin horo ya tambaya, na yi gum, aka kama abokina. Bulala shida ya sha a taron safe, ina cikin layi ina kallo. Kafin hutu na faɗa masa gaskiya. Ya ce tun ranar ya sani, kuma ya yafe. Shi ya wuce wurin. Ni kuwa na fi shekara ina kauce wa idonsa, ina tura masa garina da sukarina kamar mai biyan tara.

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon mu leƙa abin da addinin Kirista yake koyarwa kan irin wannan nauyi.

A Linjilar Matiyu, cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, kalmar da aka yi amfani da ita wajen laifi a Helenanci tana nufin bashi. Yafewa ke nan kamar mai kanti ya buɗe littafinsa ya soke sunanka. A sura ta 18 akwai misalin bawan da sarki yake bin sa talanti 10,000. Ku ɗauko biro: dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuma wajen dinari 6,000 ne. Ladan kwana miliyan 60 ke nan, ko jikokin jikokinsa ba za su biya ba. Sarki ya yafe duka. Fitarsa ke da wuya ya shaƙe wuyan wani ɗan'uwansa bawa a kan dinari 100. Da sarki ya ji, ya sa aka kama shi. Saƙon a fili yake: wanda aka yafe wa babba, ba shi da bakin riƙe ƙarami.

Amma labarin Bitrus ne ya fi taɓa ni, domin ciwona ke nan. Daren da aka kama Yesu, Bitrus yana jin ɗumin wutar gawayi a gidan babban firist, sau uku ya ce bai san shi ba. Zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi. A ƙarshen Linjilar Yahaya, bayan tashin Yesu daga matattu kamar yadda Kiristoci suka gaskata, sun sake haɗuwa a bakin Tekun Galili. Nan ma akwai wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. Yesu bai tono maganar wancan dare ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, adadin musun da ya yi, kowane karo kuma ya ɗanka masa kiwon tumakinsa, wato kula da masu bi. Mutumin da kunya ta ishe shi, aiki aka ba shi.

Kada wani ya ɗauka an ce a share ɓarna a yi shiru. Zakka mai karɓar haraji, a Linjilar Luka, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Haka kuma idan wani babba ko ɗan aji na sama yana cutar da ke ko kai, kai ƙara wurin malami ko iyaye bai hana yafewa ba.

A nan na yi kuskure. Garin da nake turawa bai gyara komai ba, abokina ma dariya yake yi mini. Abin da ya rage a kaina shi ne sunansa, wanda har lokacin yake cikin littafin masu laifi. Sai a aji biyar na iya taka ƙafa zuwa ofishin malamin horo. Ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo littafin, ya tambaye ni kwanan watan.