Rigakafin dabbobi: Raunin yana tsakanin Vom da firjin mai shago

Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024 ya sake tayar da batun allurar rigakafi. Sai dai an fi mayar da hankali kan yawan kwalaben da za a raba, alhali babbar matsalar ita ce halin da suke isa ga makiyayi.

Yawancin waɗannan magunguna daga jikin dabba ake samar da su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta fara ne da tace ruwan jinin shanu domin yaƙar ciwon bushiya. Daga baya Walter Plowright ya raini ƙwayar cutar a ƙwayoyin ƙodar maraƙi a Kenya, kuma da wannan rigakafin aka yi gangamin JP15 da ya soma a yankin Tafkin Chadi a 1962. Har gobe a cikin ƙwai ake rainon rigakafin fakat na kaji.

Abu mai rai kuwa zafi na kashe shi. Galibin irin waɗannan allurai na buƙatar sanyin da bai wuce digiri 8 ba, ga shi zafin Kano na haura digiri 40 a watan Afrilu. Idan firjin shago a Sabon Gari ya kwana ba wuta, ƙarfin maganin na iya raguwa ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Makiyayi ya biya kuɗi, dabba ta mutu, sai ya yanke ƙauna da rigakafin baki ɗaya. Asarar kan biyo har mayankar Fagge, inda ƙarancin dabbobi ke ɗaga farashin nama.

Tarihi ya nuna mafita. Bushiya ta dawo Najeriya da ƙarfi a 1983, kuma samun rigakafi mai jure zafi na daga cikin abubuwan da suka kai ga shelar kawar da ita a duniya a 2011. Yanzu an sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar PPR ta awaki da tumaki.

Cimma wannan wa'adi na buƙatar Vom ta yawaita nau'i mai jure zafi, Gwamnatin Kano ta tallafa wa dillalai da firji mai amfani da hasken rana, NAFDAC kuma ta riƙa duba ma'ajiya, ba lambar rajista kaɗai ba. Shi ma mai saye ya dace ya ga inda aka ciro kwalbar kafin ya biya.