DAGA ZAUREN MAKARANTA: Littafi Mai Zane A Hannun Yaro



Ran Asabar da ta wuce, bayan yara sun wanke alluna, na ce bari in yi musu tatsuniya kafin iyayensu su zo ɗaukarsu. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara goma sha huɗu ke zaune, biyu kaɗai suka amsa. Da na ambaci Gizo, sai wani yaro ɗan shekara bakwai ya tambaye ni da Larabci, wai ko shi ne mutumin nan na Amurka mai jar riga da ke hawan bango. Na yi dariya, amma da na koma gida abin ya hana ni barci. Yaron nan kakansa mutumin Katsina ne, ya san gizon Turawa da kamanninsa duka domin ya gan shi a zane, namu Gizon kuwa da matarsa Ƙoƙi bai taɓa jin labarinsu ba.

Wannan ya sa na shiga jirgin ƙasa na tafi babban ɗakin karatu na ƙasar Qatar, wanda aka buɗe wa jama'a a 2017, na nufi sashen yara. Duk mai katin zama a ƙasar nan yana iya yin rajista ya ari littafi, ba a biyan ko riyal ɗaya. Na tarad da littattafai masu zane jere a kan kantoci, na Larabci da na Turanci, waɗansu da tambarin kyauta manne a bango. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai sayen goro ke juya huhu.

Ga abin da na gane. Irin littafin nan yawanci bai wuce shafi 32 ba, kuma magana kaɗan ce a ciki, zanen ne ke ɗauke da rabin labari. Mutanen waɗansu ƙasashe sun ɗauki aikin da girma har sun sanya masa kyauta. A Amurka tun 1938 ake ba da lambar Caldecott ko wace shekara, kuma mai zanen ake ba, watau shi ake girmamawa. A nan maƙwabta, a Sharja, an kafa kyautar Etisalat ta littattafan yara na Larabci a 2009, ita ma gwamnatin Qatar ta kafa tata kyautar ta adabin yara. Amfanin kyauta a fili yake. Mawallafi ya san za a gwada aikinsa da na wasu, sai ya ƙara himma, uba kuma da ya ga tambari ya san masana sun riga sun tantance masa.

Wanda ya fi kama ni shi ne wani littafi na 'yan ƙasar nan, labarin Hamda da kifin nan Fisaikra, wanda Kaltham Al-Ghanem ta rubuta, May Al-Mannai ta yi masa zane. Tsohuwar tatsuniya ce ta mutanen bakin teku, ta yarinya da kishiyar uwa ke gallaza wa har kifi ya taimake ta. Ina karantawa ina tuna tatsuniyar marainiya da kakata ke yi mana a tsakar gida. Su sun ɗauko tasu daga bakin tsofaffi sun sa a takarda, mu tamu tana nan a bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya-ɗaya.

Na san abin da waɗansu dattawa za su ce, gama wani alhaji ya riga ya faɗa mini a masallaci: "Malam, kai da kanka za ka kawo wa yara hoto?" Tambaya ce ta mai tsoron Allah, ba na raina ta. Abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, a mazhabar Imamu Malik, wadda iyayenmu suka tashi a kai, haramcin ya tsananta ne a kan gunki cikakke mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda hukuncinsa ya fi sauƙi, iyakarsa karhanci, kuma an sassauta wa yara mata 'yar tsana domin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da ita. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, wanda ya bi su ba ni da faɗa da shi. Amma ku tuna Muƙamatul Hariri, da manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya, wani mai zane da ake kira Al-Wasidi ya ƙawata ta da hotuna tun 1237, kwafin yana ajiye a Faris har yau. Mu kanmu, wa ya manta ranar saukarsa, da aka yi masa zayyana a allo da ja da rawaya da kore ya zaga dangi da ita? Malaman da suka yi zayyana sun san ido na taimakon zuciya.

Kuma kada a ce gasar littafi baƙon abu ce ga Bahaushe. A 1933 Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan haka, daga 1937, Magana Jari Ce ta fito da akunta mai ba da labari. Littattafan nan har yanzu ana karanta su. A Doha ma, kyautar fassara ta Shaihu Hamad ta sa Hausa cikin harsunan da ta karrama a 2020. Ashe harshenmu ba a raina shi a garin nan ba, mu ne muke sake da shi a cikin ɗakunanmu.

To, ga shawarata, ina roƙon shugabanni su duba ta a taron wata mai zuwa.

Na fari, ko wane magidanci ya kai 'ya'yansa ɗakin karatun nan ko da sau ɗaya a wata, ya fara duba littafin da kansa kafin ya miƙa wa yaro. Tambari ba ya wanke littafi. Na ga waɗansu masu kyauta a bango waɗanda tarbiyyarsu ba tamu ba ce, na mayar da su inda na ɗauko.

Na biyu, in an ari littafin, uwa ko uba ya buɗe zanen ya ba da labarin da Hausa. Zane ba shi da yare, yaro zai ga kura ya ji sunanta a bakin ubansa, sunan ya zauna.

Na uku, 'yan kasuwanmu su haɗa abin da ya sawwaƙa mu sa tamu ƙaramar gasa. Tsofaffi su ba da tatsuniyoyi, samarinmu masu hannu su zana, ni kuwa na ɗauki alkawarin rubutawa, ajami a shafin dama, boko a na hagu, domin yaron da ya saba da harafin Larabci a makaranta ya karanta Hausarsa ba wuya. Wanda zanensa ya fi kyau a ba shi kyauta ranar Sallah a gaban jama'a. Ko littafi ɗaya muka fitar a shekara, cikin shekara biyar yaro yana da biyar.

Mun zo ƙasar nan neman halali, Allah kuwa ya rufa asiri. Amma in muka koma gida da akwatuna cike, 'ya'yanmu kuma ba su iya gaida kakanninsu ba sai da tafinta, wace riba muka ci? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke da tatsuniya a ka ya same ni a makaranta bayan la'asar, ina da tawada da takarda.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama lafiya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Malamin Allo