Wayar Gida Daban, Wayar Jirgin Ruwa Daban

Duk wanda ya san Duwala ya san cewa rabin arzikin garin a kan ruwa yake. Daga Youpwe kwale-kwale ke tashi zuwa tsibirin Manoka da Cap Cameroun, daga Idenau da Limbe kuma jirage ke ɗaukar kaya da fasinja zuwa Kalaba da Oron a Nijeriya. Yawancin waɗannan jirage a yau ba su rasa batir, da fitila, da famfon kwashe ruwa, wasu har da faifan sola. Wayar da ke haɗa waɗannan kaya kuwa daga shagunanmu take fitowa, ko a New Bell, ko a Camp Yabassi, ko a tsallaken Wuri wajen Sodiko. Shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa a kan wannan haja da ake yi wa kallon ƙaramin abu.

A namu ra'ayin, bai halatta mai shago ya yanka wa mai jirgi waya ba sai ya tambaye shi inda za ta, da abin da za ta ɗauka, da nisan da za ta yi. Dalilanmu uku ne.

Na farko, laushi. Wayar gida mai sili ɗaya an yi ta ne don ta kwanta cikin bango, ba ta motsi har abada. Shi kuwa jirgi kullum cikin jijjiga yake, ga inji ga dukan igiyar ruwa. Tagulla idan aka yi ta lanƙwasa ta takan yi tauri ta karye, kuma karyewar a cikin roba take faruwa inda ido ba ya gani. Wayar jirgi sai mai sili-sili ƙanana masu yawa, irin wadda ƙa'idar IEC 60228 ta sa a aji na 5.

Na biyu, kauri. Nan ne mutane da dama ke ruɗewa, domin sun saba da wutar gida mai bolt 220, alhali batirin jirgi bolt 12 ne kacal. A ɗauka famfo yana jan amfiya 10, kuma yana nesa da batir da mita 6, wato mita 12 ke nan zuwa da dawowa. Idan aka sa waya mai lamba 1.5, kusan bolt 1.4 zai salwanta a hanya, fiye da kashi 11 cikin ɗari. Mai lamba 2.5 za ta ci kashi 7. Sai an kai lamba 6 kafin asarar ta sauko ƙasa da kashi 3, wanda shi ne iyakar da hukumar ABYC ta Amurka ta gindaya wa fitilun tafiya. Wutar da ta salwanta zafi take zama a jikin waya, ga kuma jarkokin fetur a gefe. Wayar tayar da inji kuwa, wadda kan ja sama da amfiya 100 a manyan injuna, sai lamba 25 ko 35, gwargwadon nisa da abin da littafin injin ya ce. A kuma lura, kayan da aka rubuta wa AWG lissafinsu a juye yake: lamba 4 ta fi lamba 10 kauri nesa ba kusa ba.

Na uku, gishiri da laima. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, ga ruwan gishiri a bakin teku. Tagulla tsirara takan yi baƙi ko kore, tsatsar ta bi ta ƙarƙashin roba. Maganin haka shi ne tagullar da aka shafe da kuza.

Babbar musiba dai ita ce wayar alminiyam da aka yi wa fatar tagulla, wadda ake kira CCA. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na wutar da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka, yana da saurin karyewa, kuma gishiri na cinye shi. Gane ta ba wuya. A kankare sili da wuƙa: ta gaskiya mai kuza fara ce a waje, ja a ciki, ita kuwa ta algus ja ce a waje, fara a ciki. Sikeli ma ba ya ƙarya. Mita 100 na lamba 6 tagullarsa kaɗai ta haura kilo 5, ban da roba. Idan ɗauri ya yi sakayau a hannu, to akwai magana.

Mun san abin da wasu za su ce: mai saye ne ke neman araha, idan ban sayar masa ba maƙwabcina zai sayar. Gaskiya ne masunci ba shi da kuɗin zubarwa, kuma waya ta gari tana da tsada. Amma ai araha ba ta ado. Idan fitilar ɗaki ta mutu sai a kunna tocila. Idan famfo ya tsaya cikin dare a watan Agusta, jirgi maƙare da buhuna da mata da yara, babu shagon da za a ruga. Wanda kuɗinsa bai kai ba, a ba shi shawara ya fara da wayar famfo, da ta inji, da ta fitilun tafiya, sauran su biyo baya. A haɗa masa da fis da zai ɗaura dab da batir, kada ya wuce santimita 18, da kawunan waya na matsewa maimakon murɗawa da hannu.

Muna kira ga shugabannin kasuwa da su sa ido a kan dilolin da ke shigo da waya mai lambar ƙarya. Haka nan hukumar ANOR ta Kamaru da takwararta SON ta Nijeriya, aikinsu ne su riƙa auna abin da ke ratsa iyaka, ba duba takarda kaɗai ba. Amma kafin hukuma ta iso, mai shago ne ke riƙe da almakashi.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu har suka kafa unguwanni a wannan gari, jarinsu na farko amana ce. Masu jirage sun san juna, labari kuma a bakin ruwa ba ya kwana. Wanda ya sayar da ta gari, su da kansu za su yi masa talla. Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a kasuwa.