Rubuta sunan mawaƙi a ƙasan bidiyo ba izini ba ne

A Wurno da Rabah da Goronyo, matashi kan ɗauki bidiyon biki, ko gonar albasa, ko ruwan madatsar Goronyo, ya ɗora masa waƙar Hamisu Breaker a CapCut ya saki. Wasu kan rubuta sunan mawaƙin a ƙasa, suna ganin sun fita haƙƙinsa. Wannan rubutun bai wanke kowa ba, domin waƙa dukiya ce, kuma mai ita kaɗai ke ba da izini.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa Sardauna ɗan Rabah waƙa, ya rasu a 1991. Ke nan har zuwa 2061 waƙoƙinsa suna da masu su, duk da tsufansu da yawonsu a WhatsApp.

Tun kafin a kai ga kotu manhajoji ke yanke nasu hukuncin. YouTube na da tsarin Content ID mai gane sautin da aka yi wa rajista, sai kuɗin tallan bidiyon ya koma aljihun mai waƙar, ko a toshe bidiyon. Idan masu haƙƙi suka sa aka sauke bidiyo har gargaɗi uku suka taru cikin kwana 90, tashar na iya rufewa, wahalar shekaru da kuɗin data su tafi a banza. Facebook kuwa kan kashe sautin.

Mafita tana cikin wayar. Waƙar da aka zaɓa daga cikin TikTok ko Instagram tana da lasisi don bidiyon nishaɗi, amma a manhajar kaɗai. Mai tallan shinkafar Wurno ko tafarnuwa kasuwanci yake yi, don haka Commercial Music Library na TikTok ne nasa. YouTube Audio Library da Sound Collection na Meta kyauta suke.

Abin da ya fi duka shi ne a nemi makaɗin kalangu ko gurmi na gari, a biya shi, a rubuta yarjejeniya, a naɗi kiɗan da waya. Makaɗi ya samu na cefane, mai bidiyo kuma ya mallaki sautin da babu wanda zai sauke masa.