Matsutake: Laimar kwaɗin da ta ja baya tun da aka daina shiga daji

A shekarar 2020, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya matsutake cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Matsutake wata irin laimar kwaɗi ce mai ƙamshi da ake ci, wadda Japanawa ke ɗauka a matsayin alamar shigowar kaka, har suna kai ta kyauta ga waɗanda suke girmamawa. Labarinta ya cancanci nazari, domin yana ƙalubalantar ra'ayin da ya samu gindin zama a zukatan masu tsara manufofin muhalli, cewa hanyar ceto daji ita ce a killace shi, a hana kowa shiga.

A 1941 Japan ta tattara kimanin tan 12,000 na matsutake. A yau abin da take samu a yawancin shekaru bai kai tan 100 ba, kuma akasarin wadda ake ci shigo da ita ake yi, musamman daga China. Har yanzu an kasa noma ta a matsayin sana'a, saboda rayuwarta a manne take da saiwar bishiya mai rai, galibi akamatsu, mai jan ɓawo da ganye kamar allura. Laimar tana taimaka wa bishiyar samun ruwa da sinadaran ƙasa, ita kuma tana ciyar da ita. Idan bishiyar ta mutu, ita ma ta tafi.

Abubuwa biyu ne suka yi mata illa. Na farko wata ƙaramar tsutsa ce 'yar asalin Arewacin Amurka, wadda aka fara ganin ɓarnarta a Nagasaki a 1905. Wani ƙwaro ne ke ɗaukar ta daga wannan bishiya zuwa waccan, tana busar da su. Na biyu ya fi ɗaure kai. A da, mazauna ƙauyuka suna shiga dajin da ke kewaye da su, su yi itacen girki, su kwashe busassun ganyaye domin taki. Wannan ya sa ƙasar dajin take zama sharariya, rana na ratsa ta, yanayin da matsutake ke so. Da iskar gas, kananzir da takin zamani suka wadata tun daga shekarun 1950, aka daina shiga. Ganye ya taru ya ruɓe, wasu itatuwa suka yi wa akamatsu inuwa, laimar ta ja baya.

Masu goyon bayan killacewa suna da hujja: tsadar matsutake na sa wasu su tone ta tun tana ƙarama, su lalata tushenta. Sai dai maganin wannan shi ne doka kan lokaci da yadda ake cira. Korar mutane ba ta warware komai, tunda rashinsu na cikin abin da ya jawo matsalar.

A yankin Kyoto, 'yan sa-kai sun shafe shekaru suna sassabe da sharar dazuzzuka domin dawo da akamatsu. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ƙauyukan Japan kullum tsufa suke yi, matasa na ƙaura zuwa birane. Wajibi ne hukumomi su ɗauki wannan aiki a matsayin sana'ar da ake biya, su haɗa shi da yaƙi da tsutsar, su kuma koya wa matasa tun dattawan da suka san dajin suna raye.