A daina tallar man habbatussauda a matsayin makarin guba

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wata talla da ta cika tashoshin mota da wasu gidajen rediyo, inda ake cewa cokali ɗaya na man habbatussauda ko man riɗi da safe yana kare garkuwar jiki daga kowace irin guba.

Ba na raina waɗannan mayuka. Habbatussauda tana da daraja a wurinmu, kuma masana sun gano sinadarin taimokwinon a cikin man, wanda ke rage ɓarnar da wasu nau'o'in guba ke yi wa hanta. Man riɗi kuma yana ɗauke da sesamol da bitamin E. Sai dai akasarin gwajin a kan ɓeraye aka yi shi, a ɗakin bincike, da ƙayyadadden awo. Wannan bai isa hujjar da manomi zai wuni yana feshin maganin ƙwari ba takunkumi ba safar hannu, ya dogara da cokalin mai ba.

A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sanadiyyar niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. Abin da ya tsayar da mace-macen shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da maganin fitar da dalma daga jiki wanda likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa bai wa yaran. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda daikulobos, sinadarin da ke cikin maganin ƙwari na Sniper, wanda wasu ke zuba wa wake a rumbu. Mai ba ya wanke irin wannan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗura wa wanda ya sha guba manja ko man gyaɗa. Man yana iya sarƙe shi ya gangara huhu, ga ɓata lokaci. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta sa ido kan masu wannan talla, gidajen rediyo su tantance kafin su karɓi kuɗi, malaman gona kuma su koya wa manoma yadda ake feshi da ajiyar hatsi. Mu ci mayukanmu don gina jiki, mu nisanta iyalanmu daga gubar tun farko.



Mai karatunku,
daga Gusau