Wa ya ce tausayin wanda ba addininku ɗaya ba raunin imani ne?

A majalisu, har da kan wasu mumbarai, an ɗauka cewa duk wanda ya cika kusantar mabiyin wani addini, imaninsa ne ya yi rauni. Musulmi ya je ta'aziyya gidan Kirista, a ce ya fara sayar da addini. Kirista ya kai wa maƙwabcinsa kayan buɗa-baki, 'yan cocinsu su dinga yi masa kallon hadarin kaji. Wannan fahimta ɓata ce, kuma tarihin Kaduna ya isa ya ƙaryata ta.

A rikicin Zangon Kataf na 1992, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowanne yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Da aka haɗa su a 1995, kowa na riƙe da ɗan'uwansa a zuci.

Huɗubar Juma'a ce ta girgiza Ashafa: yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (SAW) har jini ya zuba, amma ya ƙi yarda a halaka su. Ya koma ya binciki zuciyarsa, ya tarar ramuwa ce fal a ciki. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, sai ga Ashafa ya je dubiya. Shi kuma Wuye, wanda ya faɗa da bakinsa cewa ya sha jin kamar ya danne Ashafa da matashin kai idan tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, wani malamin coci ne ya tunatar da shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a rai.

To, ina raunin imanin? Addinin kowannensu ne ya mayar da shi ga hisabin kansa, har ya gane cewa zafin da ke cinsa shi ke cin abokin gabarsa, kuma Mahalicci ɗaya ne zai tambaye su duka. Ashafa bai bar limanci ba, Wuye bai bar coci ba. Cibiyar sulhun da suka kafa ta taimaka malamai 22 na ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, ta kuma sasanta mutanen Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004.

Malaman da ke hana mabiyansu ko da gaisuwa, su faɗa wa jama'a gari nawa tsaurinsu ya taɓa sasantawa.